Gida, Masar, Ingila ko Amurka: ina ya kamata ta je haihuwa?

A watan jiya ƙanwata ta kira ni bayan sallar isha. Cikinta wata biyar, na fari ne, kuma maigidanta ya ce ta zaɓi inda take so ta haihu, shi zai ɗauki nauyi. Surukarta ta ce a yi a gida kamar yadda kowa ya yi, ƙawayenta sun nace sai Amurka, wani abokin mijin kuma ya ce Masar ta fi sauƙin kuɗi da biza. "Yaya, kaina ya ɗaure," in ji ta. "Da ke ce, ina za ki?" Na ce ta ba ni kwana biyu. Abin da na haɗa mata ke nan, na ƙara faɗaɗa shi don na san ba ita kaɗai ke cikin wannan ruɗani ba.

Abin da za a auna

Na farko, wanda kuma ya fi sauran nauyi a wurina: idan abu ya ɓaci, minti nawa ne tsakanin gadon naƙuda da ɗakin tiyata, tsakanin mai haihuwa da ledar jini? Mafi yawan haihuwa lafiya lau take zuwa, ko a ina aka yi ta. Abubuwan da ke kashe mata kuwa sanannu ne: zubar jini, jijjiga da hawan jini ke kawowa, doguwar naƙuda, da ƙwayoyin cuta bayan haihuwa. Zubar jini kaɗai na iya ɗauke mace mai ƙoshin lafiya cikin awa biyu. Duk waɗannan an san maganinsu, kuma ba mai tsada ba ne. Saura a same shi a kusa, a kan lokaci, a hannun wanda ya iya.

Na biyu kuɗi, kuma a lissafa shi da mafi munin hali. Kada a tsaya kan farashin haihuwa da kanta. A tambayi na tiyata, a tambayi na jariri idan ya zo bakwaini aka sa shi a kwalba sati uku.

Na uku sauƙin abin: biza, jirgi, harshe, da wanda zai zauna da mai jego. Galibin kamfanonin jiragen sama suna neman takardar likita daga sati 28, kuma ba sa ɗaukar mai ciki bayan sati 36, mai tagwaye ma tun daga wajen sati 32. Ke nan wadda za ta fita sai ta bar gida aƙalla wata guda kafin lokaci, ta kuma ƙara wasu makonni bayan ta sauka kafin takardun jariri su fito.

Na huɗu, abin da zai biyo baya ya daɗe: tabon tiyata a mahaifa, bashin asibiti, fasfo. Na biyar kuwa ba a rubuta shi a takardar kowane asibiti, wato ko za a saurari mace idan ta ce tana jin wani abu ba daidai ba.

| Ƙasa | Mata masu rasuwa a haihuwa 100,000 (ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, 2020) | Yawan tiyata | Kuɗi ga baƙuwa | Jariri zai zama ɗan ƙasa? |
|---|---|---|---|---|
| Najeriya | 1,047 | kimanin kashi 3 cikin 100 | mafi sauƙi | ƙasarsa ce |
| Masar | 17 | kashi 72 | matsakaici | a'a |
| Ingila | 10 | wajen 4 cikin 10 | mai yawa | a'a |
| Amurka | 21 | kimanin kashi 32 | mafi tsada | haka aka saba, amma maganar ta shiga kotu a 2025 |

Duk wanda ya kalli layin farko zai ji gabansa ya faɗi, kuma ya kamata ya faɗi. A ƙiyasin da ya biyo baya, na shekarar 2023, adadin Najeriya ya ɗan sauko zuwa 993, amma har yanzu mata kimanin 75,000 ne a shekara, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk matan da haihuwa ke kashewa a duniya. Sai dai a karanta lambar da hankali. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma ma wajen kashi 16. Da yawa daga cikin waɗanda ke cikin wannan lamba mata ne da suka yi kwana biyu suna naƙuda a ɗaki, aka jira maigida ya dawo ya ba da izini, aka nemi mota, aka isa asibiti rai ya kusa fita. Matar da take zuwa awo tun wata uku, take minti ashirin daga babban asibiti, haɗarinta bai kai wannan ba ko kusa. Bai kuma sauko ya yi daidai da na Landan ba, gaskiya ke nan.

Najeriya

A nan tazarar da ke tsakanin asibiti da asibiti ta fi wadda ke tsakanin ƙasa da ƙasa. Kuskuren da masu hali suka fi yi shi ne zaɓen wuri da ido: ɗaki mai na'urar sanyi, tayil mai ƙyalli, nas mai fara'a. Matar yayana ta haihu a irin wannan wuri, ƙaramin asibitin kuɗi mai tsafta. Jariri ya faɗo lafiya ƙarfe ɗaya na dare, muna ta hamdala. Kafin ƙarfe biyu zanin gadon ya jiƙe sharkaf, leɓenta ya yi fari, tana cewa sanyi take ji. Likita yana gida sai da aka kira shi a waya. Jini babu. Wata nas ta miƙo mana ƙaramar kula ta ce mu je mu nemo leda biyu. Ni da yayana muka bi titi da tsakar dare daga wannan ƙofa zuwa waccan, ina rungume da kular a cinya ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Allah ya yi da sauran kwananta a gaba. Tun daga ranar, tambayata ta farko ga kowane asibiti ita ce ina bankin jininsu yake.

Manyan asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da Asibitin Ƙasa na Abuja, suna da abin da ƙananan ba su da shi: likitocin mata da masu allurar barci dare da rana, ɗakin tiyata, bankin jini, da sashen jarirai masu rauni. Ƙwarewar hannu ma akwai, don likitan da ke ganin jijjiga kullum ya fi wanda ke ganin ta sau ɗaya a shekara saurin gane ta. Daga cikinsu ne aka samu Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, wadda ta jagoranci ɓangaren Najeriya na babban gwajin E-MOTIVE da aka fitar da sakamakonsa a 2023. An yi shi a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Dabarar mai sauƙi ce: a shimfiɗa leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa don a ga ainihin jinin da ya zuba maimakon kintace, da ya kai iyaka kuma a haɗa magunguna gaba ɗaya a ba ta, ba a jira ɗaya ya gaza sannan a gwada wani ba. Mummunar zubar jini da abin da take jawowa sun ragu da kashi 60 cikin 100.

Matsalolin waɗannan manyan asibitoci kuwa kowa ya san su. Cunkoso, rashin gado, layin awo tun asuba, yajin aiki da kan zo ba sallama, da ƙwararrun da ke ta ficewa waje. Akwai kuma tsawa da wasu ungozomomi ke yi wa mace tana tsakiyar ciwo, abin da ke sa da yawa su rantse ba za su koma ba. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin mace ɗaya da aka wulaƙanta takan hana mata goma na unguwarsu zuwa.

Kuɗi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Haihuwa a asibitin gwamnati dubban naira ne, tiyata dubu ɗaruruwa, manyan asibitocin kuɗi na Abuja da Legas kuma su kai miliyoyi. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa hali, amma a tambayi asibitin da kansa ko yana cikin tsarin kafin ranar ta zo. Babbar ribar gida ita ce mutane. Uwa tana kusa, akwai mai dafa ruwan wanka da mai dama kunu, akwai 'yan'uwan da za su ba da jini, a yi suna rana ta bakwai cikin dangi. Mai jego da ke da masu lura da ita, su ne za su fara ganin ƙafarta ta kumbura ko numfashinta ya canja.

Masar

Alƙahira ta daɗe tana karɓar marasa lafiyarmu. Jirgi kai tsaye ne daga Kano, tafiyar 'yan awanni, abinci halal, ana jin kiran salla, likitoci da yawa suna jin Turanci. Asibitocin kuɗi na can suna da kayan aiki da sashen jarirai mai kyau, farashi kuma ya yi ƙasa sosai da na Turai, ko da yake baƙo ba ya biyan abin da ɗan gari ke biya, kuma dillalan da ke tarar mutane tun daga filin jirgi sukan ɗora nasu a kai.

Abin da ya sa nake jan kunne shi ne tiyata. A 2014 kashi 52 cikin 100 na haihuwa a Masar ta hanyar tiyata ne, a binciken 2021 ya kai kashi 72, cikin mafi yawa a duniya, kuma asibitocin kuɗi ne a kan gaba. Tiyata rahama ce idan da dalili, rashinta ma yana cikin abin da ke kashe matanmu a gida. Amma matar Masar 'ya'ya uku take haifa a matsakaici, ta Arewa maso Yammacin Najeriya kuwa wajen shida. Kowace tiyata tana barin tabo, kuma da sun taru haɗarin mabiyiya ta manne a jikin mahaifa yana ƙaruwa, haka ma haɗarin fashewar mahaifa a naƙuda ta gaba. Yarinyar da aka yi wa aiki a haihuwar fari ba tare da dalili ba, ta dawo gida ta yi ta biyu da ta uku a inda jini ke wuyar samu, an ɗora mata nauyin da za ta daɗe tana ɗauka. Wadda ta zaɓi Masar ta zauna da likitan tun ganin farko, ta tambaye shi mata nawa cikin goma ke haihuwa da kansu a hannunsa, ta kuma karɓo rahoton aikin a rubuce idan an yi. Jaririn ba zai samu zama ɗan ƙasa ba.

Saudiyya ma haka take ta wannan fuska. Asibitocinta na da kyau, adadin masu rasuwa 16 ne a wancan ƙiyasi, amma haihuwa a can ba ta ba da takardar ƙasa, kuma bizar Umara ba ta zaman jiran haihuwa ba ce. Ta dace da masu iƙama da inshora.

Ingila

A lamba ita ce ta fi sauran aminci. Tsarin NHS, wato hukumar kiwon lafiya ta gwamnatin ƙasar, ya ginu ne a kan ungozomomi masu horo, su ke riƙe da mai ciki lafiyayyiya tun daga awo har haihuwa, likita ya shigo idan da matsala. Bayan an sallami mai jego, ungozoma tana biyo ta gida ta duba ta da jariri, abin da nake fatan wata rana mu samu. Allurar kashin baya mai kashe zafin naƙuda tana nan ga mai so.

Kyauta ce ga mazauna ƙasar. Ɗalibi da ma'aikaci sun riga sun biya kuɗin lafiya tare da biza, fam 776 a shekara ga ɗalibi, 1,035 ga mafi yawan sauran tun Fabrairun 2024. Baƙuwa mai bizar ziyara kuwa ana cajin ta ninki ɗaya da rabi na ainihin farashi, dubban fam ke nan ko da haihuwar ta zo da sauƙi. Ba za a kore ta tana naƙuda ba, amma takardar bashi za ta biyo ta, kuma bashin da ya kai fam 500 aka ƙi biya yana iya hana ta biza nan gaba. Fasfo kuwa babu: tun 1 ga Janairun 1983 haihuwa a Birtaniya kaɗai ba ta mai da yaro ɗan ƙasa, sai ɗaya daga iyayensa ɗan ƙasa ne ko mai izinin zama na dindindin. Har yau ina jin mutane suna shirin tafiya a kan tsohon labari.

Can ma akwai inda ake gazawa. Rahoton Ockenden na 2022 kan asibitocin Shrewsbury da Telford ya gano jarirai kimanin 200 da iyaye mata 9 da wataƙila da sun rayu in an kula da su yadda ya dace, kuma abin da ya yi ta maimaituwa shi ne ba a saurari matan ba. Rahotannin da ke bin diddigin mutuwar masu haihuwa a ƙasar sun nuna baƙar mace ta fi farar fata haɗari kusan ninki uku. Sai kaɗaici. Wata 'yar'uwarmu da ta haihu a can lokacin sanyi ta ce mini washegari aka sallame ta, mijin ya koma aiki, ta zauna ita da jariri a ɗaki ɗaya tana kuka ba ta san dalili ba, mahaifiyarta kuma an hana ta biza.

Amurka

A faɗi gaskiya, galibin masu zuwa Amurka haihuwa fasfo suke nema, tun da gyaran tsarin mulki na 14, na shekarar 1868, ya mai da wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa. Wannan buri ne na iyaye ga 'ya'yansu kuma na fahimce shi. Amma a raba shi da maganar lafiya, don a cikin ƙasashe masu arziki Amurka ce ta fi yawan mutuwar masu haihuwa. Alƙaluman hukumar lafiyarsu sun nuna 32.9 cikin 100,000 a 2021, ya sauko zuwa 18.6 a 2023, na baƙaƙen mata kuwa ya tsaya wajen 50. Serena Williams, shahararriyar 'yar wasan tanis, da duk sunanta da dukiyarta, bayan an yi mata tiyata a 2017 ta ji numfashinta na sarƙewa, ta ce jini ne ya daskare mata a huhu, sai da ta nace kafin aka yi hoton da ya tabbatar da maganarta.

Ta fuskar kayan aiki ba a magana. Jaririn da ya zo a wata shida, ko wanda sikanin ya nuna yana da matsalar zuciya, manyan asibitocin can suna da abin ceto shi da ba ko'ina ake samu ba. Kuɗin ne ke karya mutum. Wani nazari na 2022 kan mata masu inshora ya nuna ciki da haihuwa da jego sukan ci kimanin dala 14,768 idan ta haihu da kanta, 26,280 idan tiyata ce. Likita da nasa lissafi, mai allurar barci da nasa, asibiti da nasa, na jariri daban. Kwalbar jarirai dubban daloli ce a kowace rana. A tuna kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da take ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a 2024. Dokar 1986 ta hana asibiti korar mai naƙuda don ba ta da kuɗi, amma wadda ta bar bashi, ko ta ci tallafin gwamnati na marasa hali, za ta gamu da tambayar a gaban jami'in biza.

Ƙofar ma tana ƙara tsukewa. Tun Janairun 2020 doka ta ce a hana bizar ziyara ga wadda babban dalilinta shi ne haihuwa don samun takardar ƙasa. A 20 ga Janairun 2025 Shugaba Trump ya sa hannu kan umarnin soke wannan haƙƙi ga 'ya'yan baƙi masu zaman wucin gadi, aka kai maganar kotu. Duk mai wannan niyya ya bincika halin da ake ciki a makon da zai nemi biza, kuma kada ya ɓoye cikin, don ƙarya ga jami'in biza na iya rufe ƙofar har abada. Yaron kuma idan ya girma Amurka za ta nemi bayanin harajinsa ko a Kano yake zaune.

Wa ya dace da ina

Mace lafiyayyiya mai ciki ɗaya, jininta bai hau ba, tana zaune a babban gari: ta haihu a gida, a asibitin koyarwa ko asibitin kuɗi da ya amsa tambayoyin nan ido da ido. Likita yana kwana a ciki? Mai allurar barci fa? Jini yana nan ko sai an nemo? Wuta idan an ɗauke? Kwalba nawa gare su? Kaɗan daga kuɗin jirgi ya isa ya biya mata kulawar babban likita tun daga awo har arba'in.

Mai sikila, mai ciwon zuciya, wadda aka yi wa tiyata sau uku, ko wadda mabiyiya ta tare mata hanya: asibitin koyarwa tun farkon ciki, fita waje kuma sai idan likitanta ya ce abin ya fi ƙarfinsu, ya rubuta mata takarda zuwa wani likita takamaimai. A nan Masar ta fi sauƙin kaiwa ga mai matsakaicin hali, Ingila ga wanda zai iya biya. Idan jaririn ne ke buƙatar aiki da zarar ya faɗo, a zaɓi asibitin saboda likitan yara, a tafi da wuri.

Wadda take zaune a Ingila ko Saudiyya da takardunta, ta haihu a can, a yi ƙoƙarin kai mata uwa ko ƙanwa maimakon a dawo da ita goyon ciki. Mai neman fasfo, Amurka ce kaɗai cikin huɗun ke da wannan, da sharaɗin yana da ninki biyu na kuɗin da aka ce masa kuma ya faɗi gaskiya a ofishin jakadanci. Wadda ke ƙauye nesa da asibiti kuwa, tafiyar da za ta cece ta ita ce ta koma gidan 'yan'uwa a birni da zarar ciki ya shiga wata tara.

Ƙanwata ta yi rajista a asibitin koyarwa, tana ganin likita ɗaya duk zuwa. An gwada jinin ƙannenmu biyu, ya dace da nata, sun yi alkawarin ba za su bar gari ba daga sati 36. Maigidanta ya ware kuɗin tiyata ya ajiye, ya kuma ce tankin motar ba zai sauka ƙasa da rabi ba har sai ta sauka.